Fankar Motar Sajo

Yahuza haifaffen Gazawa ne. Kakansa ne ya ƙetaro daga kudu da fataucin goro ya zauna, amma shi bai bi fatauci ba. Shekara tara ya yi a Maraɗi yana koyon gyaran wutar mota, ya dawo ya kafa rumfar kwano a gefen tasha, ya auri Nazira. Mutum ne siriri marar yawan magana. Har ya kai shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu.

Wata damina, Sajo, direban da ke jigila tsakanin Gazawa da Gangara, ya kawo masa mota. Fankar da ke hura iska mai ɗumi a gilashin gaba ta daina juyawa, in ana ruwa kuwa gilashin sai ya yi tururi, ba a ganin hanya. Yahuza ya tarar wata waya ce ta ƙone, ya canza ta, fanka ta tashi.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ruwa ya kama Sajo a hanyar Gangara. Fanka ta tsaya, gilashi ya rufe, ya afka wa amalanken jaki. Jakin ya mutu nan take, mai amalanken ya karye a cinya.

Da azahar aka jawo motar tasha. Yahuza yana tsugune yana ɗaure kan batir, sai ya ji Sajo ya sauke masa ƙarfen kwance taya a kafaɗa. Ya faɗi. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, bugu na biyu ya karya masa yatsu uku. Sajo ya bi shi da shuri a ciki, a baki, yana cewa, "Aikin banza ka yi mini, ka jawo mini masifa." Sai da mutum huɗu suka riƙe shi.

Balarabe, dattijon da ke shugabantar direbobin tashar, ya ce a kai Yahuza likita. Yahuza ya tofar da jini ya ce, "Baba, a bar ni in buɗe motar nan tukuna. In laifina ne, kowa ya gani."

Da hannun hagu ya yi aikin. Ya duba fis, lafiya lau. Wayar da ya sa tana nan ba ta ƙone ba. Ya jawo wuta kai tsaye daga batir zuwa fankar, sai ta yi gurnani ba ta juya ba. Ya ce, "Wuta na zuwa. Wani abu ne ya riƙe ta." Balarabe ya kwance masa sukurori, suka zaro fankar. Ƙullin leda ne ya maƙale a fukafukanta, bayansa wasu suka yi ta zubowa daga bututun iska. Ƙwayoyin maye ne, waɗanda Sajo ya cusa ya ɓoye da hannunsa.

Dangin mai amalanken suna cikin taron. Suka rufe Sajo da sanduna da duwatsu, ya faɗi cikin taɓo, goshinsa ya tsage. Yahuza ya dubi yatsunsa da suka lanƙwashe, wani abu ya taso masa da bai san yana da shi ba. Ya ɗauki ƙarfen nan, ya ratsa mutane, ya sauke shi a gwiwar Sajo da duk ƙarfinsa. Ƙarar ƙashin ce ta sa kowa ya ja da baya.

Jandarma suka kwashe su duka biyun. Yahuza ya kwana uku a tsare aka sake shi. Sajo ya tafi kurkuku, ya fito yana jan ƙafa, ya koma sayar da gawayi a Sae Sabuwa.

Yatsun Yahuza sun warke a karkace, ya koyi riƙe sukundireba da hagu. A tasha har yau ana yaba masa, ana cewa ya rama. Nazira kaɗai ya taɓa gaya wa cewa Sajo yana kwance lokacin da ya buge shi, ya riga ya daina kare kansa. Bara da kaka ya ɗauki buhun gero a babur ya tafi Sae Sabuwa. Sajo ya karɓi geron, amma bai ba shi hannu ba.