Takardar Shaidar da Na Rubuta wa Kawuna

Mutum biyar ne ginshiƙan wannan labari, kuma ko da yake ba zan ambaci sunan kowa ba, ya dace in fara bayyana yadda muke. Akwai kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe mu tun da mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare. Akwai mahaifiyar tawa. Akwai mai unguwar ƙauyenmu, can gefen Dayi. Akwai wani akawu, Kirista ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, abokin kawu tun suna kiwon awaki tare. Na biyar ni ne. Abin da ya gudana tsakaninmu a wata bazara, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. Yau na kammala jami'a, na manta darussa da dama da na ci jarrabawarsu, amma wannan yana nan daram.

A lokacin ina aji huɗu na sakandare a Malumfashi. Malaminmu na Turanci mutumin Gana ne, mai tsafta, mai son a yi abu bisa ƙa'ida. Wata rana ya raba allo gida biyu da alli. A hagu ya jera kalmomin Turanci na abin da ke ratsa zuciya ya wuce: murna, fargaba, takaici, kewa, juyayi. A dama ya jera na halin da ke zaune da mutum: haƙuri, rowa, karamci, girman kai, da sauransu. Duka-duka arba'in ne. Ba zan kawo su da Turancinsu a nan ba, domin sun riga sun yi mini aikin da ya isa. Ya kuma faɗi wata magana da na riƙe kamar karatun allo: siffanta mutum da yabo zalla ƙarya ce, hoto na gaskiya sai da haske da inuwa.

Cikin mako guda na haddace su. Daga nan kowa na gani sai na lalubo masa kalmarsa a zuci, daga mai dafa mana abinci har yaron motar da ke kai mu gida. Akwai wata da ta fi burge ni, wadda a gaɓa biyu kacal take kwatanta mutumin da yanzu yana fara'a, anjima ya ɗaure fuska ba a san dalili ba. Na ga a Hausa sai an yi jimla guda kafin a faɗi haka, sai na ɗauka Turanci ya fi harshenmu kaifi. Ina jin kaina kamar mai awo da aka ba sabon sikeli, ina neman abin aunawa.

Da na zo hutu sai na tarar da labari. Akawun nan ya zo a kan babur ya shaida wa kawu cewa ofishin aikin gona da yake yi wa aiki a Funtuwa yana neman wanda zai kula da siton taki da iri a wajen Danja. Kawu ya yi yaƙi da jahilci, yana karatu da lissafi daidai gwargwado, kuma kowa ya san ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Akawu ya ce ya riga ya yi masa magana, abin da ya rage kawai takardar shaida daga mai unguwa, da Turanci, saboda Bature ne zai karanta. Kawu ya amince da maganar har ya ba wani maƙwabci aron babbar gonarsa ta wannan damina, tunda aikin sito ba zai bar shi ya yi noma ba.

Mai unguwa ya sa aka kira ni zaurensa bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini farar takarda.

"Rubuta," in ji shi. "Wannan mutum namu ne. Mun san shi, mun san ubansa. Ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. Shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙari?"

Ya ce, "Shaida na ce ka rubuta ko waƙar roƙo?"

Na rubuta abin da ya faɗa, ya tsaya a layi uku. Na dubi layukan nan na ga sun yi mini kama da tuwo ba miya. Ga ni da kalmomi arba'in a ka, ga Bature zai karanta, kuma wataƙila ya tambayi wane ne ya tsara wannan. Saboda haka na ci gaba. Na zaɓi kalmomi goma, shida na haske, huɗu na inuwa, kamar yadda aka koya mini. Ina tabbatar wa mai karatu cewa ko ƙwayar mugunta babu a zuciyata. Gani nake taimakon kawu nake yi, domin Bature zai fi gaskata takardar da ba ta ɓoye komai ba.

Mai unguwa ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Lallai Turanci akwai tsawo." Ya buga hatiminsa. Kawu da ke zaune a gefe ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Yau boko ya yi rana." Ya naɗe takardar a cikin sabon hankici ya sa a aljihun gaba.

Abin da ya faru a Funtuwa daga bakin akawu na ji shi daga baya. Bature ya karanta takardar sau biyu, ya ɗaga kai ya dubi kawu, sannan ya ce a tambaye shi: mai unguwarsa ya rubuta cewa yana da saurin fushi, ba ya kuma karɓar shawara, haka ne? Akawu ya yi iya ƙoƙarinsa ya sassauta tambayar, amma tambaya irin wannan ba ta sassautuwa. Kawu ya ce, "Wa ya faɗa?" Bature ya sa yatsa a kan takarda. Sai kawu ya miƙe, ya ɗauke takardarsa daga kan tebur, ya fita ba sallama.

"Ka ga," in ji akawu, "da ya zauna ya yi dariya, da mun gyara. Amma sai ya tashi ya sa wa takardarka hannu da kansa." An ba wani mutumin Musawa aikin.

Kawu bai je wurin mai unguwa ba, domin ya san bakin da ya yi magana, ya kuma san hannun da ya yi rubutu. Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mahaifiyata tana gefe tana tankaɗe. Ya kira ni, ya warware hankicin, ya miƙo mini takardar.

"Karanta mini. Da Hausa. Kalma bayan kalma, kada ka tsallake ko ɗaya."

Na fara da ƙarfin gwiwa. Mai gaskiya. Mai ƙwazo. Mai riƙon amana. Mai tsafta, mai kula da lokaci, mai tausayin na ƙasa da shi. Daga nan harshena ya yi nauyi. Kalmar da ke gaba na rubuta ta a zaure cikin daƙiƙa guda. Yanzu ga ta tana neman fitowa da Hausa, a gaban mutumin da ya ɗauki akwatina a ka ya kai ni makaranta.

"Ina jin ka," in ji shi.

"Mai saurin fushi."

"Na ji wannan a Funtuwa. Gaba."

"Mai taurin kai." Na ji rariyar mahaifiyata ta tsaya. "Mai girman kai." Sai na yi sauri na ƙara da cewa, "Kawu, ban yi maka ƙarya ba. An koya mana cewa..."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Wa ya aike ka? Saura ɗaya, akawu ya ƙirga mini su."

Saura kalmar nan da na fi so, mai gaɓa biyu. Dole na warware ta da Hausa, na ce, "Mutumin da ba a gane gabansa, yanzu yana fara'a, anjima ya ɗaure fuska ba dalili."

Sai ya tambaye ni a hankali, "Tun yaushe ka san ni da wannan?"

Na yi tunani, domin ina son in ba da amsa daidai. Na ce, "Tun bara."

"Bara me ya faru a gidan nan?"

Bara ne matarsa ta rasu, bayan sun yi shekara ashirin da wani abu tare. Ni ma na bi gawarta.

Ya ce, "To, ɗan boko. A cikin kalmomin naka duka, babu wadda ta san wannan?"

Akwai. Tana nan a hagun allo, a jerin abin da ke ratsa zuciya ya wuce. Na haddace ta, na ci ta a jarrabawa. Amma da na tashi auna kawuna, sai na ɗauki juyayin shekara guda na rubuta shi a matsayin halinsa na har abada, na kuma sa aka buga masa hatimi.

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yaro ne."

Ya ce, "Yaro ba ya riƙe alƙalamin mai unguwa." Ya karɓi takardarsa ya naɗe.

Da yamma na tafi zauren mai unguwa da ƙafata, ba wanda ya tura ni, na faɗa masa abin da na ƙara. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kana tsammani ban san yana da zuciya ba? Na riga ka saninsa da shekara arba'in. Abin da aka tambaye ni shi ne ko za a iya ba shi mabuɗi, na ce za a iya. Kai kuwa ka ari bakina ka ci albasarka." Bai sake kirana rubutu ba har ya bar duniya.

Maƙwabcin da aka ba aron gona ya zo da kansa ya ce a karɓi gonar, tunda aiki bai samu ba. Kawu ya ƙi. Ya ce mutumin ya riga ya yi shara ya kai taki, kuma magana in ta fita ba ta komawa. Daminar nan ƙaramar gonar bayan gida ya noma, hatsin bai kai mu ko rani ba, sai da ya yi ƙwadago a gonakin audugar mutane, shi da bai taɓa yi ba. Ina kallon wannan na gane cewa abin da na kira taurin kai da abin da na kira riƙon amana jijiyarsu ɗaya. Na raba su gida biyu ne kawai don malam ya ce hoto sai da haske da inuwa.

Bai daina ɗaukar nauyina ba. Duk ƙarshen hutu yakan ɗora akwatina a kekensa har bakin titi a Dayi, ya tsaya sai mota ta tashi. Amma tsakanina da shi sai gaisuwa. Hirar da muke yi a kan hanyar gona ta mutu. Sai ranar da zan tafi jami'a ya ciro hankicin nan ya ba ni, ya ce, "Ajiye. In ka ƙara ilmi ka sake karantawa." Na karanta ta ya fi a ƙirga. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinta.

Ban tsani Turanci ba, ina amfani da shi kullum, kuma malamina bai koya mini ƙarya ba. Abin da na fahimta shi ne baƙon harshe ba ya zuwa wa mai koyo da kunya. Kalmominsa ba su da nauyi a baki, shi ya sa ake jifa da su ba a ji ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk kalmar da zan siffanta mutum da ita, da kowane harshe, sai na fara juya ta da Hausa, na tambayi kaina ko zan iya faɗa masa ita ido da ido, da kuma ko na san abin da ya same shi bara. In ban iya ba, ba na rubutawa.

Kalmomin inuwa huɗu na ƙara. Aiki ɗaya ya tafi, da damina ɗaya, da amincewar mai unguwa, da hirar shekara biyu.