Likitar da Muka Biya da Albasa

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya same ni ina aji uku na ƙaramar sakandare a garinmu Illela, kuma babu katangar unguwarmu da ban hau ba. Inna takan ce da ta san haka zan fito, da akuya ta roƙa, ko banza ita ana ɗaure ta. Wata ranar kasuwa na ɗare bayan babur ɗin yayana, can saman buhun albasa, wai zan raka shi bakin iyaka. Ba mu yi nisa ba muka faɗa rami. Albasa ta watse, ni ma na watse. A lissafina sai da na hango Birnin Konni daga sama kafin na sauko a kan gwiwata ta dama.

Maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma da aka kwance ɗorin sai gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ta miƙe kamar taɓarya. Ba rashin gudu ya fi ci mini rai ba, salla ce. Kowa a gidan ya kai goshinsa ƙasa, ni ina kan kujera kusa da kakata ina ɗan duƙar da kai. Tsohuwar ta samu abin tsokana, kullum tana yi mini barka da shigowa ƙungiyarsu. Ina dariya, amma in na juya baya kuka nake yi.

Sai Allah ya kawo 'yar wani abokin Baba, wadda ta gama karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ba da daɗewa ba. Anti Likita nake ce mata. A lokacin tana tsakanin zaɓi biyu: ko ta karɓi aiki a wani asibiti a Sakkwato mai albashi duk wata, ko ta zauna gida tana bin marasa lafiya har ɗakunansu. Ta gaya mini na biyun zuciyarta ta fi so, domin akwai tsofaffi a ƙauyukan Amarawa da Gidan Katta da ɓarin jikinsu ya shanye, an sallamo su daga asibiti, suna kwance har gaɓoɓinsu sun sandare saboda babu mai kai su birni. Ta ce za ta gwada, in aikin ya riƙe ta, ta zauna.

Ranar farko da ta kama gwiwata ta danna, na yi ihun da na tabbata jami'an kan iyaka sun miƙe tsaye. Maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ba ko mayafi tana tambayar mi ya faru, wa aka yanka. Anti ba ta ko ɗaga kai ba, sai ta ce in ƙara murya, mutanen Nijar ba su ji ba tukuna. Tun ranar na san na haɗu da daidai ni. Takan zo da yamma, ta gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ta sa ni jan ƙafa da gyale, tana ba ni labarin makaranta don in manta da zafi. A hankali taɓarya ta fara zama ƙafa.

Ihuna kuwa ya zame mata talla. Duk unguwa aka san akwai likita mai zuwa gida, aka yi ta kiran ta. Sai dai a wurinmu wanda ya shigo gidanka da sallama baƙo ne, kuma ba a tambayar baƙo nawa ne aikinsa. Baba da kansa, ɗan canji ne, yini yake da naira da sefa a hannu, amma ya ce shi ba zai iya miƙa wa 'yar abokinsa kuɗi ba, kamar ya raina ubanta ne. Sai aka riƙa ba ta fura, da turmin atamfa daga Konni, da addu'a, da albasa. Albasar da aka ba Anti ta isa ta sa duk jihar kuka. Ita ma kunya ta hana ta faɗi, ga shi ɗan kabu-kabun da ke kai ta ƙauyuka ba ya karɓar addu'a a maimakon kuɗin mai.

Wata yamma ta zo ba ta tsokane ni ba. Ta gama gashi, ta ninke gyalen ta ba ni, sannan ta ce ta karɓi aikin Sakkwato. Ta ce mahaifinta ya tsufa, ƙannenta suna makaranta, ba za ta ci gaba da roƙon kuɗin abin hawa a gidan da ya kamata ta tallafa ba. Na ce ai gwiwata ba ta gama ba, in ta tafi zan koma taɓarya har in mutu. Ta yi dariya idonta da ruwa, ta ce saura kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin nawa ne.

Bayan ta tafi, na ci gaba da jan gyale ni kaɗai, ba ihu, don babu wanda zan yi wa. Wata la'asar na ture kujera na kai goshina ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Da na sallame na waiwaya in nuna wa Anti, sai kakata na gani tana share hawaye, tana cewa na fita daga ƙungiya ban yi sallama ba. Wata tsohuwa kuwa a Amarawa da Anti ta fara koya wa riƙe cokali, na ji ta koma ana ba ta a baki.

Shi ya sa nake roƙon iyayenmu: wanda ya kawo muku ilminsa har gida aiki ya zo yi, ku biya shi ba tare da ya tambaya ba, furar ta biyo baya. Ku kuma masu gama wannan karatu, in kun zaɓi bin gidaje, ku faɗi ladanku tun a zaure, kada kunya ta kore ku daga inda aka fi buƙatar ku. Har yau in la'asar ta yi na ji babur ya tsaya a ƙofarmu, sai na leƙa.