Karsanar da Ba Mu Kai wa Manu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1986, Allah Ya yi wa Baffa Manu na rugar Tsaskiya rasuwa. Ina rubutun nan ne cike da kunya.

Baffa, shekarar babban fari, da shanun mahaifina suka ƙare, kai ka jawo karsana tun daga ruga har ƙofar gidanmu a Runka. Al'adarku ce: wanda ya rasa shanu a ba shi aron karsana, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Mahaifina na ta godiya, ka ce, "Malam Sada, bar godiyar nan, nemo mata dusa." Gida nawa ka yi wa haka tsakanin Wagini da Safana? Kai ma ba ka ƙirga ba.

Sai kuɗin fetur ya zo. Allurar dabbobi kyauta, taki da araha, magani a asibiti ba ko kwabo. Muka ji daɗi, kuma babu laifi a jin daɗin. Laifinmu shi ne da muka miƙa wa gwamnati har zumunci, muka ce ta riƙe mana.

Da ciwon bushiya ya share garkenka, mun zo jaje, muka ce ka yi haƙuri, tallafi na tafe. Ashe farashin mai ya faɗi a kasuwannin ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba, masu bin ƙasa bashi kuma sun ce a tsuke hannu. Tallafi bai zo ba. Mu ma ba mu zo maka da karsana ba, alhali jikokin karsanarka suna ɗaure a bayan gidana. Ba ka taɓa tambaya ba, in mun haɗu a kasuwa lafiyar yara kawai kake tambayata.

Ranar sadakar uku, mai ɗakinka Inna Fanta ta aiko mana da fura an dama da ruwa. Daga bayan zana ta ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana, gidan ba nono." Na kasa kai ludayin bakina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fanta da ɗanka Hamidu da sauran dangi, Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma Allah Ya yafe mana, don kai ba mu samu damar roƙonka ba.