Wa-Ya-Ce da Agogon Tasha

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in yana zaune a wani shago da bai fi akurki ba, da gilashi maƙale a ido ɗaya. A duk layin, Wa-Ya-Ce ake kiransa, don ko cewa ka yi an ƙara kuɗin mota sai ya tambaye ka wa ya ce. In ka ce ai kowa ya sani, ya ce, "Ina gidan Kowa, in je in ji daga bakinsa?" Matarsa ta rantse ko ranar da aka yi masa albishir ta haihu sai da ya tambaya.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na yi kundin bincike a kan tsohon agogon tashar jirgin ƙasa. Saura kwana biyar in tsaya gaban malamai, wanda ya faɗi kuwa sai baɗi. Babi na uku ne abin alfaharina: wai daga wani jirgin ruwa da ya nitse aka tsamo agogon, yana bugawa abinsa. Na kai wa Kawu don in yi masa burga.

"Wa ya ce?"

"Majiya har uku, Kawu. Shafin intanet, littafin tarihin tasha, da tsohuwar jarida."

"Shi shafin a ina ya samo?"

Na duba, daga littafin ne. Littafin kuma daga jaridar. Haushi ya fara kama ni.

"To ita jaridar fa?"

"Ta ce wani masani ne da ya san cikin agogon."

Kawu ya cire gilashinsa, ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

"'Yar nan, ni ne masanin."

Ashe yana saurayi aka kira shi ya zuba wa agogon mai. Yana kan tsani, ga yunwa, wani ɗan jarida ya tsaya a ƙasa ya ishe shi da tambaya. Kawu ya ce, "Na ce bari in jefa masa abin da zai tafi da shi. Bayan mako na ga ƙaryata a jarida, har an ƙara mata gishiri. Da na ƙaryata, wani dattijo ya kusa marina, wai kakansa na wurin da aka tsamo shi. Tun ranar nake tambaya."

Na yi kuka sosai, na ce ya kashe ni. Ya ce tukuna.

Washegari ya roƙi mai gadin tasha, muka hau inda agogon yake. A bayan agogon ga wani ɗan farantin tagulla da sunan maƙerin da ya haɗa shi, wanda jikokinsa ke sayar da ƙusa a bayan kasuwa. Har yanzu zanen agogon na rataye a shagonsu. Kwana huɗu na yi ina sake babin, a kan yadda baki ɗaya ya haifi majiya uku.

Babban malamin da ya jarraba ni ya ɗaure fuska. "Amma labarin jirgin nan sananne ne."

Kafin in kama bakina har ya suɓuce: "Malam, wa ya ce?"

Malamin ya jawo kundin ya sake karanta babin tun daga farko.

Da yamma na leƙa shagon na ce, "Kawu, na ci."

Ya ɗago, idon da ba gilashi ya cika da ƙwalla. Ranar ce kaɗai bai tambaya ba.