Na je Maamobi neman ƙarshen tatsuniyar Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Legas, ni da wasu 'yan kasuwa biyu masu zuwa Accra saro atamfa. Su kaya za su ɗauko, ni kuwa ƙarshen labari nake nema.

Tun damina littafin yaran da nake rubutawa ya cije. Tatsuniya ce da ƙanwar mahaifina ta riƙa yi mini a Katsina kafin aure ya kai ta Ghana: wata yarinya ta bi zabuwarta har cikin suri. Na rubuta har inda ta zura kai cikin ramin, daga nan ƙaf. Na sauya biro, na sauya ɗaki, na yi azumin waya, duk a banza. Masu buga littafin har sun gaji da kirana. Sai na ce bari in je in tambayi mai labarin.

Hanyar ba ta barin mutum ya runtsa. Daga Seme zuwa Aflao sauka muke muna hawa, ga shingayen bincike, ga masu canji suna kaɗa mana sefa da sidi ta taga. Teku na hagunmu, ni kuwa ƙafata sai rawa take. Abokan tafiyata suka ce ko bashi ake bina.

A Tudu, cikin Accra, muka rabu, na hau trotro, wato ƙaramar bas, zuwa unguwar Nima. Cunkoso, kiran sallah ta kowace kusurwa, ƙamshin waace, shinkafa da wakensu mai jan launi. Na ci da yajin da suke kira shito har da hawaye, kuma bai yi tsada ba. Hausarsu ta ba ni dariya, don mace ma "shi" ce. Da na shiga lungunan Maamobi, maƙwabciyar Nima, na tambayi gidan Gwaggo, wata mai koko ta ce, "Hajiya Katsina? Yana ciki, bai da lafiya kwana biyu." Na ƙara sauri.

Na same ta kwance a tabarma, ta rame, idonta ya dushe. Ta shafa fuskata ta ce, "Babana, kai ne?" Sunan mahaifinta gare ni. Mun daɗe muna gaisawa, tana tambayar mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ni dai kamar a kan ƙaya nake zaune. Da la'asar na kasa haƙuri.

"Gwaggo, yarinyar nan da ta shiga suri, me ta tarar a ciki?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wa ya sani? Kullum a nan kake yin barci. Ni ma ƙirƙira nake ina kallon idonka. In ya buɗe in ƙara, in ya rufe in huta."

Ƙasa huɗu na ratsa don wannan amsar! Jikokinta da suka kewaye mu suka ce sai an yi musu labarin. Gwaggo ta ce numfashinta ba zai kai ba, ni in yi. Na fara ina in'ina. Da na iso bakin ramin na yi shiru, sai wata 'yar ƙarama ta daki gwiwata ta ce, "Kawu, sai me?" Bakina ya ce, "Sai ta tarar da kasuwa, tururuwa na sayar da ruwan sama a ludayi." Suka matso. Gwaggo ta rufe ido tana murmushi. Har magariba ban tsaya ba.

A motar dawowa na rubuta babi guda a waya, duk da ramukan hanya. Na iso gida lafiya, ƙafa a kumbure. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na daɗe ina jiran in san ƙarshe kafin in ɗaga ƙafa, alhali yaro abin da ya biyo baya kawai yake tambaya. Yanzu kowace Juma'a nakan tura musu ci gaban da murya. An ce Gwaggo takan sa a kara mata wayar a kunne, ta saurari labarinta ta ji yadda zai kaya.