Abin da Yaya Yake Jira

A shekarar farko ta digirina na biyu, aikina a ɗakin gwaje-gwaje a kan furotin ɗaya ne da ƙwayar cutar ƙanjamau take ƙerawa. Idan muka haɗa ƙwayar cutar babu shi, sai ta yi rauni, ta kasa kama ƙwayoyin jini yadda ta saba. A cikin farantin gwaji ke nan, shi ma ba kullum ba.

Da na zo hutu Bukkuyum na yi wa yayana wannan bayani a zaure. Yana ɗauke da cutar, kuma a gidanmu ni kaɗai na sani. Har Gummi yake zuwa karɓar magani a kan babur, don kada ya gamu da idon sani.

"To ku cire min shi mana," in ji shi.

Yana ƙauyen Yargalma lokacin gubar dalma. A gabansa aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Aka ba 'yarsa magani, dalmar ta riƙa fita ta fitsari, daga baya aka sallame ta.

"Dalma ma anka fitar daga jikin ɗiyata. Wanga abu naka ya fi dalma nauyi?"

Na ce dalma ba ta haihuwa. Wannan kuwa ƙwayar cutar ta riga ta zauna a jikinsa, ko an cire furotin ɗin za ta ƙera wani. Na ce mai yiwuwa wata rana a sami abin da zai toshe shi, amma ba zan iya cewa yaushe ba, watakila ma ba za a samu ba.

"Wata rana" kaɗai ya ji.

"Likitan faranti," ya ce yana dariya. "Na gaji da hanyar Gummi, na gaji da ɓoye kwalba cikin rumbu. Naka nike jira."

Na roƙe shi kada ya daina shan maganin. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa ƙane.

Da na koma makaranta na tarar wuta ta yi kwanaki babu, ƙanƙarar firjinmu ta narke, duk abin da muka adana ya lalace. Malamina ya ce mu fara daga farko idan kayan aiki sun zo. Ba su zo ba a wannan zangon.

Bayan damina Inna ta kira ni. Ta ce Yaya yana tari, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma ya ƙi zuwa asibiti.

"Ya ce akwai abin da za ka kawo mai. Mi ne ne, in shaida mai ya kusa?"

Na duba farantan da ke gabana, babu komai a cikinsu.

"Ina kan aiki, Inna," na ce.