Yadda Na Zama Kafin a Tallar Sabulu

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga kai. Wani lokacin sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ma na zo ɗauka. Amma ranar da na fito a talbijin, da abin da fitowar ta jawo min a gidana, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Ni mutumin Kafin Hausa ne. Karatun bokona a aji biyu ya tsaya, shi ma malamin ne ya roƙi babana ya ɗauke ni don sauran yara su samu su yi karatu. Bayan an yanke mana jiha, Dutse ta fara cika da ma'aikata, sai na tattara matata muka dawo garin, na kama sayar da gawayi a bakin kasuwa. Muka sami ɗaki a wani gidan haya. A gidan akwai wani ma'aikaci mutumin Filato, Kirista, da muke kira Oga, matarsa kuma Madam. Shi kaɗai ke da talbijin. Da an idar da sallar magariba, in akwai wuta, sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, maza a benci, mata a tabarma ta wajen madafa, a juya eriya har sai ta kamo Kano.

Yaran yanzu ba za su gane ba, amma mu a lokacin talla ma abin kallo ce. In aka sako ta ba mai tashi. Kalangu ne, da waƙa, da wani mai muryar ganga yana yabon man girki ko maganin sauro kamar yana yi wa basarake kirari. Talla ɗaya sai ta shekara ana sakawa, har ka haddace inda mutumin zai yi tari. Kuma mun yarda da ita. Abin da akwatin nan ya faɗa, ya faɗu. Akwai wata tsohuwa a gidanmu da ke gyara mayafi in mai karanta labarai ya fito, wai yana kallonta.

Sai in gaya muku wani abu game da uwargidana. Ba ta da zinare, ba ta da atamfa mai tsada, amma ta iya wanki, kuma ta san ta iya. Ga miji mai gawayi, amma ranar Juma'a in na saka farar rigata, liman ma sai ya dube ni sau biyu. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta sa bula daidai misali, ta goge da dutsen guga mai garwashi. Matan unguwa har kawo mata rigunan mazansu suke yi ta nuna musu yadda ake fitar da dattin wuya. Abin alfaharinta ke nan a duniya.

Wata ranar kasuwa, shekara guda da wani abu kafin a ƙaddamar da shari'a, ina cikin juye buhun gawayi sai ga wata farar mota daga Kano. Aka fito da kyamara mai ƙafa uku. Wai tallar wani sabulu za a ɗauka, Mai Balbela, kuma suna son duwatsun Dutse su fito a bayan hoto. Jama'a suka yi cincirindo, ni kuwa na bar gawayina na kutsa har gaba. Can na ji wani mai hular hana-sallah, wanda daga baya na ji ana ce masa darakta, yana faɗa da mutanensa.

"Mun zo da Bayan, ga shi can a mota. Ina Kafin? Kun ce za mu sami Kafin a nan!"

Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. "Ga ni, ranka ya daɗe! Ni ne. Haifaffen can ne ma, uwa da uba."

Ni a zatona ɗan Kafin Hausa suke nema. Har na fara jin daɗi a raina, na ce ashe sunan garinmu ya kai Kano. An ce kalmomin biyu ba a furta su iri ɗaya, to ni dai kwaɗayi ya toshe min kunne. Darakta ya dube ni daga hula har silifas, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya tafa hannu ya ce, "Wallahi kai ne! Ko a mafarki ban ga Kafin irin wannan ba." Na ce na gode.

Na roƙe su su bar ni in ruga gida in sako rigar Juma'a, suka ce a'a, haka suke so na. Aka tsayar da ni gaban kyamara. Ka kalli rigarka. Na kalla. Ka girgiza kai. Na girgiza. Ka sosa wuya kamar abin duniya ya ishe ka. Na sosa har da ƙari, don a ga ƙwazona. Aka sallame ni da sandar sabulu uku, na kai wa uwargida tsaraba ina taƙama, na kuma bi ɗaki ɗaki na sanar cewa maigidan nan ya kusa fitowa a talbijin. Har saƙo na aika Kafin Hausa.

Bayan sati uku aka sako tallar. Tsakar gida ya cika, har da maƙwabta. Sai ga ni, baƙi wuluk, ina sosa wuya. Ban gama murmushi ba sai muryar gangar nan ta fito ta bayana: "Dubi wannan bawan Allah! Matarsa ta yi wanki, ta yi wanki, datti ya ƙi fita. Wannan shi ne kafin!" Sai kalangu ya tashi, aka nuno wani kyakkyawan saurayi cikin farar shadda, wata yarinya ba mayafi tana rawa da sabulu a hannu. "Wannan kuma shi ne bayan!"

Dariyar da aka yi, Oga har sai da ya faɗo daga benci. Ni ma na taya su, don ban da wayo. Da na waiwaya wajen tabarma, sai na ga gurbin uwargida babu kowa.

Na same ta a ɗaki tana zaune bakin gado, sandunan sabulun nan uku a gabanta.

"Malam, ni aka ce na yi wanki datti ya ƙi fita?"

"Haba, wasa ne fa. Talla ce."

"A Kano sun san wasa ne? A garinmu sun san wasa ne?" Ta tura min sabulun da ƙafa. "Tunda duniya ta ji ban iya ba, ga shi nan. Wanda ya iya ya yi."

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe ban san wadda na aura ba. Girki tana yi, gaisuwa tana yi, amma ko hulata ba ta ƙara taɓawa ba. Kuma tana da gaskiya, don sunan ya bi ta. A gidan suna aka fara ce mata matar Kafin. Ƙanwar babarta ta yi takakkiya daga ƙauye ta zo yi mata faɗa, wai ta ba su kunya a akwati. Matan da ke kawo mata riguna suka daina. Ta daina zuwa biki, ta daina zama a tabarma da magariba. Ni kuma na koma wanki da kaina a bakin rijiya, ina fitowa masallacin Juma'a da riga mai launin kunun kanwa. Na ba ta haƙuri a ɗaki ya fi sau ɗari. Amsarta ɗaya ce: "A ɗaki aka faɗa?"

Nan na ɗaura aniya. Na ce ko zan ƙare a hanyar Kano, sai na fito a matsayin Bayan.

Na bi motar gawayi na tafi. Na yi tambaya har na gano inda ake yin sabulun, wani ɗan kamfani na wani Alhaji. Zuwan farko mai gadi ya kore ni. Zuwa na biyu na ga darakta, ya rungume ni yana dariya, ya ce tallarsu ba ta taɓa karɓuwa irin wannan ba. Da na faɗi buƙatata sai ya ce, "Baba, kowa da fuskar da Allah ya ba shi. Taka ta Kafin ce." Zuwa na uku na wuni a ƙofar Alhaji, aka ce ya tafi Umara. Na huɗu aka ce ya dawo amma yana hutawa. Direban motar gawayi har ya daina tambayata ina za ni, da ya gan ni sai ya ce, "Kafin, hau."

Ana haka aka ƙaddamar da shari'a, mu da Kano kusan lokaci guda. Sai talla ta sauya kama. 'Yan mata masu rawa suka ɓace daga akwati, waɗanda suka rage suka yafa mayafi, kiɗa ya ja baya, aka koma sallama da nasiha kafin a ambaci kaya. Tallar Mai Balbela ma aka daina sakawa. Na shiga ɗaki da murna na ce an cire. Ta ce, "An cire daga akwati. Daga bakin mutane fa?"

Oga ne ya ba ni haske. Ya ce da Hausarsa ta Filato, "Maigida, dole za su yi sabo. Yanzu dattijo suke nema mai farin riga da carbi. Ka je kafin wani ya riga ka, amma kar ka je da wannan wankin naka."

Na sayi Mai Balbela sanda ɗaya, na ɗauko rigar Juma'a, na durƙusa gaban uwargida, abin da ban yi ba ko ranar da na je neman aurenta. Na ce sau ɗaya tak, in ban wanke sunanki ba kar ki ƙara. Ta daɗe tana kallon rigar. Ta ɗaga wuyan ta ce, "Innalillahi. Da me kake wanke wannan, da miya?" Ta karɓa. Wuni biyu ta yi a kanta.

Na naɗe rigar a leda, sai a ƙofar kamfani na saka. Mai gadin da ya taɓa korata ya miƙe ya gaishe ni. Alhaji da kansa ya fito, ya zagaya ni, ya taɓa hannun rigar, ya ce, "Kai ne mai gawayin nan?" Na ce ni ne. Ya ce a kira darakta.

A harabar kamfanin aka ɗauka. Abin da za a yi kaɗan ne. Wani zai yi min sallama ya ce, "Alhaji, wa ya wanke maka rigar nan?" ni kuma in ɗaga sabulu in ce, "Mai Balbela!" Aka kunna kyamara, aka yi tambaya.

Na ce, "Uwargidana ce, da Mai Balbela."

"Tsaya! Baba, ba haka ba. Mai Balbela kawai."

Aka sake. Na sake faɗin uwargidana. Aka sake, na ƙara da cewa duk Dutse babu mai wanki irin nata. Darakta ya cire hula ya buga da ƙasa. Sau bakwai muna yi. Ya ce kaset zai ƙare, ya ce zai kawo wani, ya ce ni wane irin mutum ne. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, sabulu yana da hannu ne? Ni ban taɓa ganin sabulu ya ɗebo ruwa ya cuɗa riga ba. Yanzu shari'a ake yi, ba za ka sa ni ƙarya a gaban jama'a ba." Allah ya yafe min, ni da nake cika ƙasan buhu da dusar gawayi, ranar na zama mai tsoron ƙarya.

Alhaji yana gefe a kujera yana ta dariya har da hawaye. Ya ce, "Ku bar masa. Wa ke sayen sabulun, ba matan ba?"

Ranar da za a sako sabuwar tallar, Madam ce ta shiga ɗaki ta jawo uwargida da hannu ta zaunar da ita a tabarma. Sai ga ni fari fat kamar ango, ina cewa uwargidana ce, duk Dutse babu mai wanki irin nata. Ba su yanke ko kalma ɗaya ba. Mata suka ɗauki guɗa, tsohuwar nan mai gyara mayafi ta ce ai tunda akwati ya faɗa, magana ta ƙare. Uwargida ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Ka tsaya a karkace, ka ɓata min karin guga." Da gari ya waye na nemi kayana masu datti a inda nake tara su, na tarar suna cikin baho a bakin rijiya, tana tsaye a kansu tana mita.

Yanzu jikokina kan nuna min talla a waya. Ba waƙar da za ka riƙe, ba fuskar da za ka sake gani gobe. Tana faɗo maka tsakiyar wa'azi ba sallama, su kuma su dangwale ta da yatsa ta wuce. Kowa fari, kowa sumul, kuma ba wanda ya yarda da kowa. Mu namu akwatin ya yi mana ƙarya, ba na musu, amma maganarsa tana da nauyin da za ta hana mace zuwa biki shekara guda, ta kuma mayar da ita.

Abin da na koya, ni da ban gama aji biyu ba, shi ne dattin rigar namiji ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai wadda ake dubawa in an gan shi. Kuma mutuncin da ka zubar wa mutum a gaban jama'a, ba a ɗaki ake mayar masa ba. Inda ka zubar, nan za ka koma ka durƙusa ka kwashe, ko sau nawa mai gadi zai kore ka.